Kowane Icce da Takardarsa: Darasi daga Lambunan Nazarin Tsirrai

Jawabin da aka gabatar a taron reshe na ƙarshen zangon karatu. An buga shi a nan domin 'yan'uwan da ba su sami halarta ba, da iyalansu.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. 

An nemi in yi magana a kan wani aiki da ba kasafai ake jin labarinsa ba, wato yadda ake tsare bayanan tsirrai a lambunan nazari. Wanda ya ji taken zai ɗauka zancen malaman kimiyya ne su kaɗai. Ina fata kafin in zauna za mu yarda cewa babu wanda ya fi malamin makaranta kusa da wannan aiki, domin ginshiƙinsa rajista ce, mu kuwa da rajista muke buɗe yini, da ita muke rufe shekara.

Mene ne ya raba lambun nazarin tsirrai da wurin shaƙatawa? Dukansu biyu akwai inuwa, akwai furanni, akwai masu ban ruwa. Bambancin yana cikin takarda. Ƙungiyar BGCI, wadda aka kafa a 1987 domin haɗa kan irin waɗannan lambuna a duniya, ta sa adana rubutaccen bayani cikin ma'anar lambun nazari kansa. Wurin da aka tara tsirrai ba tare da an san asalin kowannensu ba, ko ya kai faɗin gari, bai cika wannan sharaɗi ba.

Bari mu ɗauki lambun Kew, wanda ke kudu maso yammacin Landan a Ingila. An kafa shi a 1759. A cikin ɗakin gilashinsa na itatuwan ƙasashe masu zafi akwai wani tsiro mai kama da gajeren kwakwa, wanda wani mai tattara tsirrai, Francis Masson, ya ɗauko daga Afirka ta Kudu, ya isa Kew a 1775. Har yau yana nan da ransa. Ma'aikata nawa suka yi masa ban ruwa suka shuɗe? Abin da ya sa aka san wanda ya kawo shi, da inda ya fito, da shekarar da ya zo, shi ne wani ya rubuta, waɗanda suka gaje shi kuma ba su yar da rubutun ba.

Ga yadda aikin yake tafiya. Ranar da tsiro ya shigo lambu, ko iri ne, ko reshe, ko dashe, a ranar ake ba shi lambar shiga. Galibi lambar tana farawa da shekarar zuwansa, sa'an nan adadin da ya faɗo a kansa cikin jerin wannan shekara. Tun ran gini tun ran zane. Ƙarƙashin lambar ake rubuta wanda ya tsinko shi, da ranar, da ƙasar, da ainihin wurin, da tsawon wurin daga saman teku, da irin ƙasar da ya tsira a kai, da takardar izinin fitar da shi. Ana kuma fayyace ko daga daji aka ɗebo shi kai tsaye, ko ɗan wanda aka ɗebo daga daji ne, ko haifaffen lambu ne, ko kuwa ba a san asalinsa ba. Rubuta cewa ba a sani ba, shi ma bayani ne, kuma ya fi zato daraja.

Daga nan sai tarihin rayuwarsa: kwamin da aka dasa shi, ranar da aka sauya masa wuri, lokacin da ya fara fure, masanin da ya tabbatar da sunansa, wanda aka bai wa irinsa. In ya mutu a rubuta ranar da dalilin. Ba a goge shafinsa, ba a kuma bai wa wani tsiro lambarsa har abada. Lokaci zuwa lokaci ma'aikata sukan ɗauki jerin su bi kwami kwami suna dubawa, domin allon suna yakan faɗi, baƙo yakan cire shi, wani tsiron yakan mutu wani dabam ya fito a gurbinsa. 'Yan'uwa, wannan ba shi ne kiran suna ba? Lambar shiga kuma ba ita ce lambar da muke bai wa yaro ranar da aka sa shi makaranta ba, wadda ke bin sa har ya gama, ta kuma zauna a babbar rajista ko da ya zama kaka?

Mai tambaya zai ce, me ya hana a dogara da suna? Amsar tana tsakar gidanmu. Icce ɗaya, wanda asalinsa daga yankin Indiya yake, wasunmu na kiransa darbejiya, wasu dogon yaro, wasu maina, wasu bedi. Sunayen Latin ma, waɗanda tsarinsu ya kafu a kan littafin Linnaeus na 1753, ba su tsira daga canji ba. Kaɗanya ta daɗe ana rubuta ta Butyrospermum parkii, yanzu Vitellaria paradoxa ce. Gawo ya tashi daga Acacia albida ya koma Faidherbia albida. Bagaruwa, wadda da yawanmu muka koya kuma muka koyar a matsayin Acacia nilotica, yau a littattafan zamani Vachellia nilotica ce. Iccen bai motsa daga inda yake ba, masana ne suka ƙara fahimtar danginsa. Saboda haka kundi mai kyau yakan riƙe lamba a matsayin tushe, ya jera tsohon suna da sabo a ƙarƙashinta, tare da wanda ya yi gyaran da ranar da ya yi.

Amfanin wannan wahala yakan bayyana ne ranar da tsiro ya ƙare a daji. A tsibirin Rapa Nui na ƙasar Cile, can cikin tekun Fasifik, akwai wani ƙaramin icce mai suna toromiro. Sara da kiwo suka cinye shi har ya rage guda ɗaya. A tsakiyar shekarun 1950 matafiyin nan ɗan Norwe, Thor Heyerdahl, ya ɗebo 'ya'yansa, aka shuka su a lambun nazari na birnin Gotenbag a Suwidin. Ba a daɗe ba wannan icce na ƙarshe ya mutu. Da aka tashi neman mayar da toromiro tsibirinsa, sai aka tarar akwai shi a lambuna da dama, amma da yawa ba su da takardar asali. Wanne ne ainihin toromiro, wanne ne ya gauraya da danginsa na wata ƙasa? Waɗanda ke da tarihi a rubuce su ne aka fi iya dogara da su. Sauran sai da aka koma binciken ƙwayoyin gado, aikin da layi biyu a littafi zai iya sauƙaƙawa.

Shi ma kundin kansa yana bukatar tsaro. A daren 1 ga Maris, 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bam ya faɗa kan ma'ajiyar busassun tsirrai ta lambun Balin a Jamus. Mafi yawan miliyoyin samfuran da ke ciki suka ƙone, har da waɗanda aka tattaro daga Kamaru da Togo zamanin mulkin Jamusawa. Abin da ya rage wa masana asara shi ne al'adar nan ta aika kwafin samfuri zuwa wasu ma'ajiyoyi tun kafin bala'i ya zo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da wannan tunani ne Kew, wadda ke riƙe da busassun samfura kimanin miliyan 7, ta shiga ɗaukar hotonsu ɗaya bayan ɗaya tun 2022, tana sa su a intanet kyauta. Kuma saboda lambuna sun zuba bayanansu wuri ɗaya ne masu bincike na Jami'ar Kambirij suka iya nunawa a 2017 cewa lambunan nazari na riƙe da aƙalla kashi 30 cikin ɗari na nau'o'in tsirran da aka sani, tare da bayyana cewa tsirran ƙasashe masu zafi, irin namu, su ne aka fi bari a baya.

Akwai kuma batun haƙƙi. A 1876 wani Bature, Henry Wickham, ya kai Kew ƙwayar iccen roba kimanin 70,000 daga Barazil. Daga waɗanda suka tsira aka aika dashe zuwa Silon da Malaya, kafin wasu shekaru gonakin Asiya suka karɓe kasuwar roba daga hannun Barazil. Yau doka ta canza. Yarjejeniyar Riyo ta 1992 ta amince cewa kowace ƙasa ita ke da iko da albarkatun halittunta, ta Nagoya ta 2010 kuma ta shimfiɗa ƙa'idar neman izini da raba amfani. To amma wanda ba shi da rubutu, da me zai kafa hujjar cewa wani tsiro nasa ne, ko cewa sanin amfaninsa daga kakanninsa ya fito?

Nan ne zancen ya iso ƙofarmu. A farkon ƙarni na 20 wani likita ɗan Sikotilan, J. M. Dalziel, ya yi aiki a Arewa. Yana duba marasa lafiya, yana tsinko tsirrai a wurare irin su Sakkwato da Katagum da Yola, yana tambayar sunayensu. A 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, daga baya ya koma aiki a Kew, a 1937 ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Har yau ana komawa ga waɗannan littattafai. Sanin da ke cikinsu kuwa daga bakin manoma da makiyaya da maharba da masu magani ya fito. Su suka sani, shi ya rubuta, sunansa ne ya wanzu. Yau muna da namu ma'ajiyoyin, kamar ta Cibiyar Binciken Gandun Daji a Ibadan da ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, amma ma'aikatansu ba za su iya zuwa kowane ƙauye ba. Malamin makaranta kuwa yana kowane ƙauye.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. Madobiya, wadda aka yi ta sarewa ana fitar da katakonta zuwa Sin, sai da ta kai an sa ta cikin jerin itatuwan da dokar duniya ke sa ido kan cinikinsu tun 2017. Mu tambayi yaran ajinmu, nawa ne za su iya nuna marke, ko su bambanta magarya da kurna, ko su faɗi lokacin da ɗinya ke nuna? Kowace damina ana bikin dashen itatuwa a harabar makarantu, a ɗauki hoto, a watse. Wane ne ke komawa bayan bazara ya ƙirga waɗanda suka rayu?

Saboda haka ina gabatar wa wannan reshe shawarwari uku, waɗanda ba sa bukatar kwamfuta ko kasafin kuɗi.

Na farko, kowace makaranta ta buɗe rajistar itatuwa a littafi mai kaurin bango. Kowane icce ya sami lamba da shafinsa: sunansa na Hausa da na Fulatanci ko wani harshen da ake ji a wurin, sunan Latin in an tabbatar, wanda ya dasa shi, shekarar, da inda aka samo irin. Abin da ba a sani ba a rubuta ba a sani ba. A zana taswirar harabar a shafin farko, a rubuta lambar da fenti a kan dutse ko guntun kwano a gindin iccen.

Na biyu, a mayar da rajistar kayan koyarwa. Sau ɗaya a zango yara su yi wa itatuwa kiran suna, su auna kaurin gindi da igiya, su rubuta wanda ya yi fure da wanda ya kaɗe. Yaron da ya lura da kansa cewa gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi tofo da rani, ya koyi kimiyya da lissafi a zama ɗaya. A tura su gida su tambayi kakanninsu amfanin aduwa da kanya da maɗaci, a rubuta amsar tare da sunan dattijon da ya bayar, in ya yarda. Kada mu maimaita abin da aka yi wa waɗanda suka sanar da Dalziel.

Na uku, wannan na ƙungiya ne. Mun san yadda canjin wurin aiki ke kashe ayyuka masu kyau: malami mai himma ya tashi, littafinsa ya bi shi ko gara ta cinye. Ina roƙon reshe ya nemi a sa rajistar itatuwa cikin kayan da ake miƙawa hannu da hannu idan shugaban makaranta ya sauya, a kuma ajiye kwafinta a ofishin reshe sau ɗaya a shekara. Haka nan a nemi hukuma ta lissafa wannan aiki cikin nauyin malamin da aka ɗora wa, ta rage masa wani, domin aikin da aka jibga wa mutum a kan gajiya ba ya daɗewa.

Iyayenmu mata da ke karanta wannan a gida, ku ma kuna da rabo a ciki, domin sanin ganyen miya da saiwar magani a wurinku ya fi yawa. In yaro ya zo da littafi yana tambaya, ku zaunar da shi ku gaya masa.

Da yawa daga kukoki da tsamiyoyin da ke harabar makarantunmu sun girme mu, wasu kuma za su ga jikokin ɗalibanmu. Malamin da zai zo bayan shekara hamsin yana da haƙƙin ya buɗe littafi ya san wanda ya dasa su da ranar da aka dasa. Allah Ya sa albarka a aikinmu, Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba mu damina mai albarka.