NEMAN ABIN DA BABU A CIKIN RUBUTU



Neman abin da ke rubuce ba shi da wuya. Aikin da ke gwada ma'aikaci shi ne gano abin da ya kamata a rubuta amma aka tsallake.

Mu ɗauki Kambaza ta ƙasar Gwandu. Tana cikin Jihar Arewa maso Yamma daga 1967, ta koma Jihar Sakkwato a 1976, sa'an nan Jihar Kebbi a 1991. Saboda haka duk rajistar da aka kwafo daga tsofaffin fayiloli tana iya ƙunsar layukan da suka ambaci Kambaza ba tare da Kebbi ba. Idan rajistar fansho ce, to haƙƙin wani tsoho yana iya maƙalewa a nan.

Kwamfuta tana lalube ne da wata ƙa'ida da masana ke kira regex. Stephen Kleene na Amurka ya aza harsashinta a 1951, Ken Thompson kuma ya bayyana hanyar bincike da ita a 1968.

Masu koyo sukan rubuta [^Kebbi], suna zaton sun ce "ban da Kebbi". Ko kaɗan! Ma'anarsa harafi guda wanda ba K, e, b ko i ba, don haka kusan kowane layi zai amsa.

Hanya sahihiya ita ce leƙen gaba, wanda ya bazu da harshen Perl 5 a 1994:

^(?!.*Kebbi).*Kambaza

Wato kwamfuta ta tsaya a farkon layi, ta leƙa har ƙarshensa. In babu Kebbi, sai ta nemi Kambaza. Alamar ^ tilas ce. In aka cire ta, kwamfuta za ta gusa gaba, ta wuce kalmar Kebbi, sa'an nan ta shaida cewa babu ita.

Abu na ƙarshe, wani magatakarda yakan rubuta Kabi. Sai a sa (Kebbi|Kabi) a gurbin kalmar, kada a tuhumi layin da ba shi da laifi.

Jama'a, rashin sani ya fi dare duhu. Kafin ku sa hannu a kan rahoton da ya ce "babu", ku tambaya: a ina aka duba, kuma da wane rubutu aka nema?