Littattafan Matasa, Maraici da Ciwon Ƙin Cin Abinci



Idan aka yi rasuwa a gidajenmu, manya ake yi wa gaisuwa. Yaron da ya rasa uwa ko uba yana rakuɓe a gefe, ana shafa kansa ana cewa "yi haƙuri, ka riƙa yi mata addu'a". Kalmomi ne masu kyau. Amma bayan an share makoki, kowa ya watse, wa yake tambayarsa abin da ke cin ransa? In ya daina cin abinci sai a ce kewa ce, za ta wuce. Wani lokaci ba ta wucewa.

Wannan giɓin ne wasu marubutan littattafan matasa a Ingila da Amurka suka shiga. A 2011 Patrick Ness ya fitar da A Monster Calls, wanda ya gina kan tunanin da marubuciya Siobhan Dowd ta bari lokacin da ciwon daji ya yi ajalinta a 2007. Conor, ɗan shekara 13, mahaifiyarsa na jinyar wannan ciwo. Wani dodo yakan zo masa da dare, ya ba shi labarai uku, sannan ya tilasta masa faɗin na huɗu da bakinsa. Abin da yaron ya ɓoye shi ne ya gaji, yana so wahalar ta ƙare, alhali ya san ƙarewarta na nufin rabuwa da uwarsa. Duk wanda ya yi doguwar jinyar mahaifi ya san wannan tunani, ya kuma san kunyar da ke biyo bayansa. Littafin ya nuna wa yaro cewa gajiya ba rashin ƙauna ba ce. Wannan bai saɓa wa tawakkali ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa ya yi kuka, har na kusa da shi suka yi kuka.

Littattafan ciwon ƙin cin abinci kuwa sun fi buƙatar taka-tsantsan. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, likita William Gull ya raɗa masa suna tun 1873, kuma yana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa. A Wintergirls na Laurie Halse Anderson, wanda ya fito a 2009, Lia na azabtar da kanta da yunwa bayan mutuwar ƙawarta Cassie, wadda ta kira ta sau 33 a daren da ta mutu, ba ta ɗauka ba. Littafin bai yi wa ciwon kwalliya ba, sai dai ya jero lissafin abinci da na nauyin jiki dalla-dalla, har aka yi ta muhawara a Amurka ko zai zama darasi ga yarinyar da ciwon ya riga ya kama. A ganina masu wannan fargaba suna da hujja. Lafiyayyen mai karatu zai tsorata, marar lafiya kuwa yana iya ɗaukar lambobin a matsayin gasa.

Kada mu ce ciwon Turawa ne. Tun 1988 Tsitsi Dangarembga ta Zimbabuwe ta kawo Nyasha a littafinta Nervous Conditions, yarinyar da ke ci ta amayar. A ƙasar Fiji, inda ake yabon ƙiba, binciken Anne Becker ya gano cewa a 1995, farkon zuwan talabijin yankin da aka yi binciken, babu ɗalibar da ta ce tana amai don ta rame; zuwa 1998 an sami kashi 11 cikin 100. 'Ya'yanmu kuwa wayar hannu suke kwana da ita, wasu na neman rama, wasu na shan "sha ka fashe" don su yi ƙiba.

Saboda haka ban ce a hana matasa waɗannan littattafai ba. Malami ko uwa su fara karantawa, sannan su zauna da yaro su tambaye shi abin da ya gani a ciki. In an lura yarinya na ɓoye abinci ko tana ramewa, a kai ta asibiti, domin littafi ba ya maye gurbin likita. Marubutanmu na Hausa kuma, ina roƙonku ku rubuta mana maraya da abin da ke zuciyarsa, ba wahalar da kishiyar uwa ke ba shi kawai ba, kuma ku bar lissafin kilo a waje.