Jawabi Kan Lauyan Gado da Wasiyya



Da mahaifinmu ya rasu, shekara 3 muka yi muna zaryar kotu kan gona guda, saboda babu takarda. Wanda muka fara ba kuɗi, ashe ba lauya ba ne. Lauyan gaskiya sai ya yi shekara 5 a jami'a, ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi, sannan sunansa ya shiga rajistar Kotun Ƙoli. In maganar gado ce, ku nemi wanda ya haɗa da shari'ar Musulunci, kamar yadda ake koyarwa a Jami'ar Bayero. Shi ya san wasiyya ba ta wuce sulusi. Don Allah mu rubuta bashi da amana tun muna da rai.