Kafin Ka Sayi Injin Rage Tumbi

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar a taron shekara-shekara)

 

An umarce ni da in yi magana a kan injinan motsa jiki, na kuwa san dalili. Kowace shekara sunayen da muke yi wa addu'a a farkon taro ƙaruwa suke yi. Ajali na Allah ne, amma in ka tambayi iyalansu sanadi, sai ka ji hawan jini, ko ciwon sukari, ko shanyewar ɓarin jiki. Allah ya jiƙansu da rahama. Mu da muka rage kuwa, kowa ya dubi na kusa da shi. Yaran da malamin wasanni yake korawa gudun famfalaki da asuba, su dawo su ɗauki langalanga, yau babbar riga ce take rufa musu asiri.

Mutane da dama a cikinmu sun tambaye ni: wane inji ne ya fi ƙona kitse? To bari mu fara da lissafi, tunda malaman lissafinmu suna zaune. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, abin da jiki bai yi aiki da shi ba sai ya adana shi ya zama kitse. Kilo ɗaya na kitsen jiki daidai yake da kalori kusan 7,700. Mutum mai nauyin kilo 70, in ya yi tafiya da sauri ta minti 30, zai ƙona kamar kalori 150. In sassarfa ya yi, kusan 300. In keken motsa jiki ya tuƙa da matsakaicin ƙarfi, 200 zuwa 250. Wato mai tafiyar minti 30 kullum sai ya haura kwana 50 kafin kilo ɗaya ya sauka, shi ma in bai ƙara loma ba. Cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne. Lemon kwalba mai sukari, babba, kusan 200. Saboda haka wanda ya sauko daga inji yana haki ya ce a miƙo masa mai sanyi, ya mayar da abin da ya fitar har da riba.

Dangane da tambayar taku, akwai amsa. A shekarar 1996 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga wani bincike da aka yi a jihar Wiskonsin. An sa matasa 13 suka gwada injina iri 6, aka auna ƙarfin da suka kashe a kan kowanne alhali wahalar da suke ji iri ɗaya ce. Injin gudu, wanda Turawa ke kira tiredimil, shi ya zo na ɗaya, keke kuwa yana can baya. Dalili a fili yake: a kan injin gudu ƙafafunka ne ke ɗauke da kai, a kan keke kuwa sirdi ne. Af, ga wanda ya hau ya ji kamar horo ake yi masa, bai yi ƙarya ba. Wani injiniya ɗan Ingila, William Cubitt, shi ya ƙera kakan wannan inji a 1818 domin fursunoni.

Amma ku lura, matasa aka gwada, masu lafiyayyun gwiwoyi. Mu nan mafi yawanmu mun ba 50 baya. Duk takun da mai gudu ya yi, ƙafarsa tana karɓar ninki 2 zuwa 3 na nauyin jikinsa. Mai kilo 100 da gwiwarsa ke ƙara in ya tashi daga zaman tahiya, kada ya fara da gudu. In ya riga ya sayi injin, ya yi tafiya kawai, ya ɗan ɗaga gabansa ya zama kamar hawan tudu, zai sha mamakin gumin da zai yi. Kuma a daina rungume ƙarfen gefe, domin nauyin da ka jingina a kansa an cire shi daga aikin da ƙafafunka za su yi.

Sai maganar wuta. Injin gudu na kirki motarsa takan kai ƙarfin doki 2, ƙarfin doki ɗaya kuwa wat 746 ne. Ɗan ƙaramin janaretan da ke kunna mana fanka da talabijin ba zai ja shi ba. In aka ɗauke wuta kana tsakar gudu, bel ɗin tsayawa zai yi, kai kuwa ba ka tsaya ba. Ƙurar hunturu ma tana shiga motar, mai gyara kuma ba a kowane gari ake samunsa ba. Ga jikoki. A 2021 kamfanin Peloton na Amurka ya janye wani samfurin injin gudunsa daga kasuwa bayan ya yi sanadin mutuwar wani yaro. Duk mai irin wannan inji ya riƙa zare ɗan makullinsa yana ɓoyewa, kamar yadda yake ɓoye makullin mota.

Shi ya sa ni, in abokin ajinmu ya zo mini da kuɗinsa a hannu, keke nake nuna masa. Yawancinsu ba ruwansu da wutar NEPA, ba ya cin wuri, ba ya dukan gwiwa, ana iya tuƙa shi ana sauraron labaran rediyo har a gama. Abin da ya gaza a minti ɗaya yana ramawa da tsawon lokaci, gama mutumin da ba zai iya gudun minti 10 ba zai iya tuƙin minti 40. A daidaita sirdi yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan in feda ta kai ƙasa. Mai ciwon baya ya nemi irin wanda ke da majingina. Ga 'yan'uwanmu mata da matanmu na gida, waɗanda fita titi da sassafe ba ta yi musu daɗi, ban ga kamarsa ba. Kada maigida ya kai shi falon baƙi ya hana su.

Akwai injin da ake tuƙawa kamar kwalekwale. Yana aiki da ƙafa da baya da hannu gaba ɗaya, amma sai an koya, in ba haka ba ƙugu ne zai biya. Igiyar tsalle tana ƙona kalori sosai, ga araha, sai dai na bar wa 'ya'yanmu ita.

Wanda zai sayi na gwanjo ya hau ya gwada minti 10 a gaban mai kaya, ya saurari ƙarar motar, ya duba bel, ya kuma karanta iyakar nauyin da aka rubuta injin zai ɗauka. Lambar kalorin da allon ke nunawa kuwa kintace ne, sau da yawa tana yi wa mutum daɗin baki, musamman in bai shigar da nauyinsa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Minti 30 sau 5 ke nan, a ƙalla. Ga yadda za ka gane matsakaici: kana iya magana, amma ba ka iya rera waƙar makaranta. Ko sikeli bai motsa ba, hawan jini da sukari sukan sassauta, don haka kada mutum ya yi fushi da keke a wata na farko.

Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likitansa. Mai allurar insulin ya ajiye dabino ko sukari kusa, domin sukarin jini yakan faɗi ana cikin motsa jiki, ya kuma sa takalmi mai kyau, ya riƙa duba tafin ƙafarsa. Wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko jiri, ko ciwo yana bin hannun hagu, ya sauka nan take a kai shi asibiti, kada ya ce bari ya cika minti 30.

Abokan ajinmu ma'aikatan jinya sun zo da na'urar awon jini, suna bayan zaure. Ina roƙon kowa ya biya ta wurinsu kafin a zuba abinci, har da ku, iyayenmu malamai.