Hoton Zomo a Jikin Kwalbar Man Shafawa: Gaskiya Ne ko Talla?

Wannan shi ne jawabin da Editan jaridar nan ya yi wa ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci a wajen taronsu. Mun buga shi domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.

 

Yau maganarmu a kan kayan kwalliya ce, wato man shafawa, hoda, jan-baki, sabulu da man gashi, irin waɗanda ake kawowa daga ƙasashen waje. Ranar kasuwa ku ɗauki kwalba ɗaya ku juya bayanta. A jikin wasu za ku ga hoton zomo. A jikin wasu kuma an rubuta "Not tested on animals" da Turanci. Ma'anarsa, ba a gwada wannan kaya a jikin dabba ba. To, me ya haɗa zomo da man shafawa? Kuma shin maganar gaskiya ce?

Asalin maganar

A shekarar 1933 ana sayar da wani rinin gashin ido a Amurka mai suna Lash Lure. Ya makantar da wasu mata, har ɗaya ta mutu. A 1938 gwamnatin ƙasar ta kafa dokar da ta ba ta ikon sa ido a kan kayan kwalliya. A 1944 wani masanin hukuma mai suna John Draize ya fito da hanyar gwada kaya a jikin zomo.

Ga yadda ake yi. Ana sa zomo a akwati, kansa a waje, don kada ya sosa. Sai a ɗiga masa sinadarin a ido ɗaya, a bar ɗayan domin kwatanci. A yi kwanaki ana duba ko idon zai yi ja, ko ya kumbura, ko ya mutu. Wani lokaci a aske gashin bayansa a shafa masa. Yawanci in an gama sai a kashe shi.

Da mutane suka gane haka, sai suka yi ta ƙorafi. Ingila ta daina ba da izinin irin wannan gwaji a 1998. Ƙasashen Tarayyar Turai suka hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a jikin dabba a 2013. Indiya ta bi sahu a 2014. Mu ma addininmu ya hore mu da tausaya wa dabba. Ko yanka za a yi, sai an wasa wuƙa. Saboda haka maganar ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Kamfanoni suka lura cewa masu saye sun fi son kayan da ba a cuci dabba a kansu ba. Daga nan zomo ya hau kwalba. Amma akwai hanyoyi huɗu da maganar take zama rabin gaskiya.

Hanyoyi huɗu

Ta farko, man shafawa haɗi ne na sinadarai da yawa. Kamfani zai iya cewa bai gwada man ba, alhali wanda ya sayar masa da sinadaran ya gwada su, ko kuma ya biya wani ya gwada masa. Kamar mai tsire ne ya ce shi bai taɓa yanka dabba ba. Bai yi ƙarya ba, amma ai wani ya yanka masa.

Ta biyu, dokar ƙasar Sin. Shekaru da yawa ƙasar Sin ba ta yarda a shigo mata da kayan kwalliya sai an gwada su a jikin dabba. Kasuwarta kuwa babba ce ƙwarai. A 2012 wata ƙungiyar kare dabbobi mai suna PETA ta cire kamfanonin Avon da Mary Kay da Estée Lauder daga jerin waɗanda take yabawa, domin ta gano suna biyan kuɗin gwaji a can. A watan Mayu na 2021 ƙasar Sin ta sassauta dokar ga kaya irin su hoda da jan-baki, bisa wasu sharuɗɗa. Sassaucin bai shafi rinin gashi da man kare rana da man hasken fata ba.

Ta uku, ƙaramin kamfani yana iya zama mallakar babba. Kamfanin The Body Shop ya yi suna wajen ƙin gwaji a jikin dabba. A 2006 kamfanin L'Oréal na Faransa ya saye shi, ya riƙe shi har 2017. Masu saye da yawa suka ɓata rai, domin ribar tana tafiya ga kamfanin da a lokacin bai bar gwajin gaba ɗaya ba.

Ta huɗu, ko a Amurka babu dokar da ta fayyace ma'anar waɗannan kalmomi. Hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ita da kanta ta faɗi haka. Kowa yana iya zana zomo ya manna. Masu yin jabu kuwa, buga hoto ba ya yi musu wuya.

Wanne za a yarda da shi?

Akwai tambarin da ya fi sauran nauyi. Sunansa Leaping Bunny, wato zomo mai tsalle, an fara shi a 1996. Kafin a ba kamfani wannan tambari, sai ya kawo shaida daga masu sayar masa da sinadarai, kuma ya yarda a zo a bincika shi. Sunayen kamfanonin suna nan a intanet. Mai wayar zamani yana iya duba muku.

Kada ku zaci in an bar zomo sai a gwada a jikin mutum. Yanzu masana suna raino fatar mutum a ɗakin bincike su gwada kaya a kanta. Suna kuma amfani da idon saniya ko na kaza da aka riga aka yanka a kwata.

Gargaɗi

Iyayenmu mata, ku riƙe wannan da kyau. Hoton zomo magana yake yi a kan lafiyar zomo. Bai ce komai a kan lafiyar fatarku ba. Man bilicin yana iya ɗauke da hoton zomo, kuma a cikinsa akwai sinadarin makuri mai lalata ƙoda. Cikin kwallinmu na gargajiya ma, wani kwallin dutse yana da dalma, wadda take cutar da ƙwaƙwalwar yara. Don haka a daina sa wa jarirai.

In za ku sayi kaya, ku duba abu uku: lambar rajistar hukumar NAFDAC, ranar da kayan zai lalace, da sunan kamfani tare da adireshinsa. In babu su, ku ajiye, ko da zomo goma aka zana. Man kaɗanya da lalle namu kuwa, kun san wadda ta yi su, kun san abin da ke ciki.

Amfanin karatun da muke yi ke nan. Da, in an nuna mana rubutu, sai mu ce ai a rubuce yake. Yanzu mu ma mun iya karantawa, sai mu tambaya: wa ya rubuta, kuma wa ya shaida?