Jawabi A Kan Lauyan Da Ba Ya Bincike A Shari'ar Rabuwar Aure

Shugabannin ƙungiya, malamai, iyayenmu mata da sauran 'yan'uwa mazauna Yola da Jimeta, ina yi muku barka da zuwa.

Maganata a kan lauya ce. Aurenmu na Musulunci idan ya mutu, Kotun Yanki ake zuwa, ƙarshen ɗaukaka ƙara a jiha kuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ce a Yola. Dokar rabuwar aure ta 1970 ta masu auren rajista ce, ba ta shafe mu ba. To, lauyan da bai tambaye ka wane irin aure ka ɗaura ba, ka san tun ran gini tun ran zane.

Jama'a, shari'a da hujja ake cin ta. Lauyan kirki sai ya bincika: nawa ne sadaki, su wa suka shaida? Saki nawa aka yi a baya? Domin in na uku ne, babu kome sai ta auri wani. Ina kayan ɗaki? Ina jarin da matar ta ba miji ya juya a kasuwa? A mazhabar Malikiyya, da'awar dukiya tana tabbata da maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya da rantsuwa. Lauyan da bai nemo shaidun nan ba, haƙƙin baiwar Allah ya salwanta ke nan, ta koma gidan iyayenta hannu rabbana.

Mu baƙi abin ya fi shafa, don shaidunmu suna Kano ko Katsina ko Sakkwato, ragon lauya kuwa ba zai bi su ba.

Amma akwai mafita. Sashe na 9 na Dokar Lauyoyi ta 1975 ya ba da damar neman diyya daga lauyan da sakacinsa ya jawo asara, ban da yadda ya gudanar da shari'a a gaban alƙali. Ana kuma kai kuka ga Ƙungiyar Lauyoyi reshen Yola. Kwamitin ladabtar da lauyoyi yana da ikon dakatar da mutum ko soke sunansa.

Shawarata, a rubuta sadaki da jari da kayan ɗaki tun ana zaman lafiya, a karɓi rasit na duk kuɗin da aka ba lauya. Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya.