Kuɗin Jama'a, Binciken Ƙwayoyin Gado da Rahoton da Ake Bin Masana Bashi



Kwamitin malaman kimiyya ya nemi wannan lokaci ne saboda wata magana da ta fara shiga ɗakunan malamai, wai kimiyya ta tabbatar da cewa yunwa da wahalar da yaro ya sha tun yana ciki suna zama tambari a jininsa, don haka komai ƙoƙarinmu ba zai yi nisa a karatu ba. Maganar tana da tushe, amma an ƙara mata gishiri. Hanyar rarrabe tsaki da tsakuwa a cikinta ita ce komawa ga abin da masu binciken suka rubuta da hannunsu, a rahotannin da gwamnatocin da suka ba su kuɗi suka wajabta musu.

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da DNA iri ɗaya, kamar yadda a kan raba wa malaman makaranta littafin manhaja guda. Sai dai malamin aji ɗaya ba ya buɗe shafukan aji shida. Haka ƙwayar hanta take karanta wasu shafuka ta rufe wasu, ƙwayar ƙwaƙwalwa ta karanta nata. Alamomin da ke nuna shafin da za a buɗe da wanda za a rufe, ba tare da an taɓa rubutun ba, su ne fannin da ake kira efijenetik. Mafi shahara a cikinsu wani ɗan sinadari ne, metil, wanda idan ya manne a bakin wata ƙwayar gado ya kan sa ta yi shiru. Homon kuwa, irin su kotisol na lokacin firgici da istirojin, manzanni ne da ke bin jini. Suna shiga ƙwayar halitta su haɗu da mai karɓar saƙonsu, su biyun su zauna a kan DNA su kunna wani shafi ko su kashe shi.

A 2004, Michael Meaney da Moshe Szyf da abokan aikinsu a Jami'ar McGill ta Kanada suka nuna cewa 'ya'yan ɓerayen da uwarsu ke yawan lasarsu a makon farko suna tashi da ƙarancin metil a kan ƙwayar gadon da ke samar da mai karɓar homon na firgici, don haka ba sa saurin razana. Masu yaɗa maganar tambari a nan suke tsayawa. Amma a cikin takardar akwai sauran bayani: da aka ɗauki ɗan uwa marar lasa aka ba wa uwa mai lasa ta raine shi, sai ya tashi da alamar mai rainon. Da aka ba manyan ɓerayen wani magani, alamar ta sauya. Binciken da ake kafa hujja da shi cewa abin ba ya gyaruwa, shi ne ya nuna yana gyaruwa. Kuma ɓera ne, ba ɗan aji uku ba.

A ƙauyukan yankin Keneba na Gambiya, inda damina take lokacin da rumbu ya yi ƙasa kamar yadda muka sani a nan, an gano a 2014 cewa jariran da aka ɗauki cikinsu da damina sun bambanta da na rani a yawan metil a kan wasu ƙwayoyin gado, kuma bambancin yana da alaƙa da abincin uwa. Binciken bai ce komai ba game da basirar yaran a aji.

To, ta yaya malamin ƙauye zai iya duba irin waɗannan takardu? A nan batun rahoto ya shigo. Hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, wadda ke kashe fiye da dala biliyan 40 a shekara, ba ta miƙa kuɗi ta juya baya. Duk shekara mai bincike zai aika rahoton abin da ya yi niyya, abin da ya cimma, abin da ya gagara, ɗaliban da ya horar da takardun da ya wallafa. Jami'arsa za ta aika na kuɗi daban. Idan aikin ya ƙare, yana da kwana 120 ya kawo rahoton ƙarshe. Sunan aikin da na mai shi da adadin kuɗin suna kan shafin intanet mai suna RePORTER, kowa na iya gani. Tun 2008 doka ta ce takardar da aka rubuta da kuɗin hukumar a ajiye ta a PubMed Central cikin wata 12 don a karanta kyauta, daga Yulin 2025 kuma aka cire jiran. Babban shirin hukumar kan efijenetik, wanda ya fara a 2008, ya fitar da taswirar alamomin nau'o'in ƙwayoyi da tsokoki 111 na jikin mutum a 2015, ya bar bayanan a buɗe.

Masanan suna ƙorafin cewa cike takardu yana cin lokacin ɗakin gwaji, kuma mu da muke cike littafin tsara darasi da rajista har dare ba za mu ƙaryata su ba. Akwai kuma jarabar ƙawata sakamako don a sabunta tallafi. Duk da haka mun fi tsoron rahoton da aka rubuta aka ajiye ba wanda ya karanta. An daɗe ana ba mata masu ciki wani istirojin na haɗawa, DES, wai don hana ɓari. A 1953 wani gwaji a Jami'ar Chikago ya nuna ba ya hana komai. Aka ci gaba da bayarwa har 1971, lokacin da likitoci a Boston suka danganta shi da wata irin sankara a al'aurar 'yan matan da iyayensu suka sha shi suna ɗauke da cikinsu. Shekara 18 ke nan tsakanin sani da aiki da sani. Daga baya binciken da NIH ta ɗauki nauyi a kan ɓeraye ya nuna maganin yana sauya alamomin metil a mahaifa.

Mu ma muna da namu asusun. Gwagwarmayar 'yan'uwanmu na ASUU a 1992 ce ta haifi harajin ilimi na 1993, wanda ya fara da kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, ya zama TETFund a 2011, kuma a ƙarƙashinsa akwai asusun bincike na ƙasa da malaman jami'a ke nema. Kuɗin da ƙungiyar malamai ta yi yajin aiki a kansa, malamai sun fi kowa haƙƙin tambayar abin da ya haifar. A 2011 ɗin ne kuma aka sa hannu a dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa mai tambaya.

Saboda haka kwamiti yana roƙon reshe ya amince sakatare ya rubuta wa jami'a da kwalejin ilimi mafi kusa da mu, ya nemi jerin binciken da suka yi da tallafin gwamnati kan abincin mata masu ciki da lafiyar yara, tare da rahoton ƙarshe na kowanne. Abin da ya zo, malaman bayoloji za su taƙaita shi da Hausa a wannan mujalla, shafi guda a kowane zango, su bayyana a kan wa aka yi gwajin, mutum nawa ko dabba nawa, da abin da masu binciken suka ce ba su tabbatar ba. Muna neman mutum uku da za su ɗauki zangon farko, kuma takardar sa suna tana hannun sakatare.